Kawu Mai Sakin Bulo

Kwana uku muka yi zaune a kan tabarmi a ƙofar gidan Kawu, ina sauraron mutanen Anka suna yabonsa, har na fara tunanin ko wani ne daban ya mutu. Duk wanda ya zo sai ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, a yi fatiha, sannan ya gyara zama ya ce an yi rashin mai gaskiya. Mai gidan buga bulo na bakin hanya ya zo, har da share ido da hannun riga. Shi ne mutumin da ya taɓa gaya wa ma'aikatansa in sun hango tsohon nan tafe su ja ƙofa su rufe. Yanzu shi ne yake kaɗa kai yana cewa, "Wallahi garin ga ba shi ƙara samun magini awa shi." Na amsa masa da amin, tunda ba a ce wa mutum maƙaryaci a wurin makoki.

Jami'in ofishin da ke ba da izinin gini shi ma ya zo, da ƙamshin turarensa da makullin mota a hannu. Ya ce marigayi abokin aikinsu ne wajen kare rayukan jama'a. Na dubi bakin da ya faɗi haka, na sunkuyar da kai, don in na ci gaba da kallonsa zan yi abin da za a daɗe ana faɗa.

Abu ɗaya ne babu wanda ya taɓo a cikinsu, wato abin da ya faru a maƙabarta ranar da muka kai shi, alhali rabinsu suna tsaye a wurin. Zan zo kansa. Na zauna rubuta wannan ne don na ga ana shafe Kawu da yabo kamar yadda ake shafe ruɓaɓɓen bango da filasta, kuma in aka bar su, nan da baɗi ba wanda zai tuna abin da ya sa suka ƙi jininsa yana raye.

Kawu yayan Inna ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Tun da Baba ya rasu ya ɗauko ta ya dawo da ita gidansa, ya ba ta ɗaki mai kallon gabas wanda ya gina da hannunsa. Magini ne tun zamanin tubali da azara, da bulo ya shigo ya koyi bulo. Gajere ne, mai kaurin hannu, ba ya dariya sai abin ya kai, kuma harshensa ba shi da daɗi ko kaɗan. Ban zo in mayar da shi waliyyi ba. Ya taɓa korata daga wurin aiki don na tsaya a kan igiyar awonsa, a lokacin ina da aure har da 'ya'ya.

Abin da aka san shi da shi daga Anka har Gummi shi ne sakin bulo. In an kira shi aiki, ba ya tambayar zane, ba ya tambayar abinci. Zai nufi inda aka jibge bulo, ya zaro ɗaya daga tsakiya, ba na sama da aka jera don ido ba, ya ɗaga shi daidai ƙirjinsa, ya buɗe hannu. In bulon ya faɗi ya tsaya, sai ya ce a kawo ruwa a fara. In ya watse, sai ya karkaɗe hannu ya ɗauki cokalin gininsa ya kama hanya. Mai gida zai biyo shi yana magiya ko yana zagi, amsarsa ɗaya ce kullum: "Ni ban ce komi ba. Bulo na yay yi magana."

Na taɓa ganin ya yi wa wani talaka haka, manomi daga wajen Bukkuyum da ya daɗe yana tara bulo don ya yi wa iyalinsa ɗaki biyu. Kawu ya saki ɗaya ya watse, ya saki na biyu ya watse. Mutumin ya zauna a ƙasa ya rufe fuska. Kawu bai rarrashe shi ba, tafiyarsa ya yi. Na ji haushinsa ranar ƙwarai. Washegari da sassafe sai ga shi ya koma da abin buga bulonsa a ɗaure a bayan keke, ya sa mutumin ya farfasa ruɓaɓɓun a cike rami da su, suka zauna tare suna buga sababbi. Mako biyu yana zuwa, bai karɓi ko goro ba, kuma duk tsawon aikin faɗa yake yi wa mutumin a kan yawan yashi.

Da aka fara jin labarin benaye suna ruftawa da mutane a manyan birane, sai rediyo ta fara maganar dokar gini. Aka ce daga yanzu ba mai aza harsashi sai da takardar izini, sai an kai zane an duba, sai injiniya mai rajista ya sa hannu, kuma jami'ai za su riƙa zagayawa suna duba kayan aiki, wanda ya saɓa a shafa wa gininsa jan fenti a tsayar da shi. Ban taɓa ganin Kawu cikin farin ciki irin na ranar ba. Ya ƙara wa rediyon murya, ya kira Inna ta zo ta ji. Ya ce, "Kin jiya? Gwamnati ta zo inda nike."

Bayan kwana biyu ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya ce in kai shi ofishin a babur ɗina. Ya ɗaura bulo biyu a baya, ɗaya nasa, ɗaya na kasuwa. Niyyarsa ya nuna musu bambancin, kuma ya gaya musu in suna neman mai zagayawa da su, ga shi, ba ya son albashi.

Wannan jami'in mai turare muka tarar. Ya saurari Kawu yana latsa waya, sannan ya ce, "Baba, kana da satifiket?"

Kawu ya ce, "Ina da gidaje. Tashi in kai ka ka gane su, duk suna tsaye."

"Ba haka tsarin yake ba, Baba. Doka ta ce sai mai rajista ne zai duba gini. Kai a doka birkila ne kawai, ana ba ka umarni ne."

"To bari in saki wanga ka gani, ba shi ɗaukar lokaci."

Jami'in ya miƙe da sauri ya ce kada ya fasa musu tayil, a fitar da kayan nan waje. Muka fitar. Kawu ya ajiye bulon biyu a bakin ƙofa, bai sake su ba, muka dawo gida. Bayan wata guda na bi ta wurin, na ga sun tokare ƙofar ofishin da bulon Kawu don kada iska ta riƙa bugo ta. Na kasuwar ya riga ya zama yashi a gefen mataki.

Dokar kanta ba ni da ta cewa a kanta, kuma ban taɓa jin Kawu ya zage ta ba. Abin da aka rubuta daidai ne. Amma a garinmu abin da ta haifar shi ne sabuwar sana'a ta masu hatimi. Bulon da yake ruɓaɓɓe jiya yana nan a ruɓensa yau, sai dai yanzu yana da takarda. Mutumin da ya fi kowa sanin abin a garin kuwa, shi dokar ta fara cirewa daga lissafi.

A wannan tsakanin ne Yaya, babban wanmu, ya samu buɗi a harkar zinare. Ya sayi fili ya ce zai yi bene, sama da gefe na 'yan haya, babban ɗakin ƙasa na Inna, da banɗaki a ciki da fanka. Ba zan zalunce shi ba, don Allah ya yi niyyar, so yake mahaifiyarsa ta huta a ce ɗanta ya yi mata. Ya kira Kawu ya shugabanci aikin, kamar yadda ya kamata.

Ranar da mota ta sauke bulo ina wurin. Kawu ya zaro ɗaya ya saki, ya watse. Ya zagaya ɗaya gefen ya zaro wani, shi ma haka. Ya je ya duba rodin da aka kawo na ginshiƙai, ya lanƙwasa ɗaya a gwiwarsa, tsoho da shi. Sannan ya dubi Yaya.

"Mai da su inda kas saye su."

Yaya ya ce, "Kawu, injiniya ya gani, ya sa hannu. Zamani ya sake, yanzu da ilimi aka gini."

"Injiniyan ya taɓa bulon ga da hannunai?"

"Ba aikinshi ba na ɗaukar bulo."

"To nawa na. Kuma na ɗauka."

Magana ta yi zafi. Yaya ya ce Kawu ya saba da ginin laka, bene ya fi ƙarfinsa. Kawu ya naɗe igiyarsa, ya soke cokalinsa a ƙugu, ya tafi a ƙafa, ya ƙi in kai shi. Aka kawo wasu maginan da ba sa tambaya, gini ya tashi cikin 'yan watanni. Ranar duba aiki jami'in ya zo, ni shaida ne bai sauko daga mota ba. Ya zuge gilashi, ya ɗaga kai ya kalli benen kamar mai duban hadari, ya sa hannu a kan cinyarsa. Da motar ta juya na ji kukan zabi a but ɗinta na baya.

Nan ne nawa laifin ya shigo, kuma ba zan ɓoye shi ba. Ni malamin firamare ne, ina da girmama takarda fiye da kima. Da Yaya ya sa takardar izinin a firam mai gilashi, ni na ɗauke ta na kai wa Kawu, ina ganin zan sasanta su. Na same shi a zaure, na karanta masa da Turanci, na fassara masa layi-layi, har ina nuna masa hatimin da yatsa. Ya bari na gama.

"Ita za ta riƙe kankaren?"

Na ce, "Kawu, ai hukuma ta tabbatar."

"Ɗaga ta nan ga ƙirjinka ka saki mu gani."

Na ce gilashin zai fashe. Ya ce, "To," ya ci gaba da gyaran carbinsa. Na fita ina jin haushin taurin kansa, har na gaya wa matata tsufa ya fara taɓa shi. Yau in na tuna yadda na tsaya ina karanta wa wannan mutum Turanci a kan gini, kunya ce take rufe ni.

A ranar ya yanke maganar da ta raba gidanmu biyu. Ya ce muddin yana numfashi, ƙanwarsa ba za ta kwana ƙarƙashin wannan kankaren ba. Inna kuwa ba ta da bakin cewa komai a kai. Yaya ɗanta ne na fari, kuma Inna irin matan da ne masu kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, in tana da magana da shi sai ta gaya wa wani ya gaya masa ko da yana zaune a gabanta. Ba za ta iya ce masa a'a ba. Kawu ne bakinta, kuma kowa ya san ranar da bakin nan ya rufe, Yaya zai zo da mota.

Gari ya ɗauka. Aka ce hassada ce, an cire shi daga aiki shi ya sa. Aka ce yana hana yaro samun albarkar uwarsa. Waɗannan da suka cika tabarmi suna share ido, da yawansu da bakinsu na ji. Yaya ya daina zuwa gaishe shi sai da Salla, ya tsaya daga bakin zaure.

Benen bai rasa mutane ba. Lokacin ne jama'a suke ta gudowa daga wajen Zugu da Nasarawar Burkullu saboda 'yan bindiga, wanda ya bar gonarsa da rumbunsa ba ya tsayawa tambayar ingancin bulo. Ɗakunan haya suka cika, ɗakin Inna kaɗai aka bari a kulle. Bayan damina ta farko tsaga ta fito a bangon gabas, daga taga har ƙasa. Aka toshe ta da siminti aka shafa fenti, ta sake fitowa a gefe. Wata rana Kawu ya ɗauki sandarsa ya tafi can ba tare da ya gaya wa kowa ba. Ya yi sallama ɗaki-ɗaki, yana ƙwanƙwasa bango yana saurare, yana gaya wa mazauna inda za su janye gado da inda kada su bar yara su kwanta. Ya ce in ruwa ya yi ƙarfi su fito su tsaya a fili, jiƙewa ba ta kisa. Da Yaya ya ji, ya aika masa cewa zai kai ƙararsa don yana ɓata masa suna. Kawu ya ce wa ɗan aiken a gaya masa ya zo kotun da bulo ɗaya.

A shekararsa ta ƙarshe ƙafa ta hana shi aiki. Sai ga shi wata rana ya sa an kawo masa buhun siminti da yashin gulbi mai kyau, ya zauna a kan turmi ya buga 'yan bulo kaɗan a bayan ɗakinsa. Safe da yamma yana ba su ruwa, ya lulluɓe su da tsohon buhu. Na tambaye shi na mene ne. Ya ce, "Na wani ɗan ɗaki na, ƙarami." Na ɗauka kewaye zai gyara, ban ƙara bi ta kai ba.

Ya rasu da hantsi, bayan jinyar kwana huɗu, ana gab da faɗuwar damina. Aka sa jana'iza bayan azahar. A da itace ake jerawa a rufe ƙaramin ramin kabari kafin a zuba ƙasa, amma tun da daji ya gagari shiga itace mai kauri ya yi wuya, mutane suka koma amfani da bulo. Yaya, wanda ya fi kowa kuka a ranar, kuma na yarda kukan gaskiya ne, ya ce kada kowa ya wahala, akwai ragowar bulo a bayan benensa. Ya aika aka ɗebo a baro. Ba wanda ya yi tunanin komai, har ni.

Aka sa Kawu a makwancinsa. Aka yi layi ana miƙa bulo hannu da hannu. Na ƙarshe a layin, a bakin kabarin, tsohon leburan Kawu ne, wanda suka yi shekaru yana kwaɓa masa siminti, shi ma gemunsa ya yi fari fat. Bulo na farko ya iso hannunsa. Na ga ya ɗan jinjina shi. Daga baya ya rantse mini bai yi niyya ba, hannunsa ne ya yi abin da ya saba gani. Ya ɗaga shi daidai ƙirji ya saki.

Bulon ya watse kamar dambu.

Mai gidan bulo yana nan, jami'in yana nan, 'yan hayan benen su uku suna nan. Yaya ya ce wannan ɗaya ne, rana ce ta cinye shi. Na biyu yana hannuna. Ban san lokacin da na ɗaga shi ba, amma ni da niyya na yi. Shi ma ya watse, ƙurarsa ta hau ƙafafun jami'in. Tsohon ya miƙa hannu ya karɓi na uku, liman ya ce ya isa, kada a tsayar da mamaci a rana, a nemo abin rufewa.

Na hau babur na koma gida ina tunanin ko tsohuwar ƙofa zan ciro. Na aika a gaya wa Inna abin da ake ciki. Daga cikin mata ta aiko da amsa: "A ɗauki na bayan ɗakinai. Don wagga rana yab buga su." Ashe ita ta sani.

Da muka kawo su, tsohon ya ɗauki ɗaya ya dubi liman. Ya ce, "Malam, a yi haƙuri. Shi bai taɓa ɗauke wa nashi gwaji ba." Ya ɗaga ya saki. Bulon ya daki ƙasa da nauyi, ya yi mata gurbi, ko kusurwarsa ba ta ɓantare ba. Muka jera su, suka rufe ramin cif, babu ragi babu ƙari. Ya auna kansa tun yana raye.

Wannan shi ne abin da masu zuwa gaisuwa suka yi kwana uku suna zagayewa. Jami'in da ya ce abokin aikinsu ne, har ranar da nake rubutun nan bai aiko kowa ya duba benen ba. Biyu daga cikin 'yan hayan sun kwashe iyalansu sun koma wani kango, sauran ba su da inda za su.

Ranar sadakar bakwai, bayan an watse, Yaya ya zo da a-kori-kura ya tsayar a ƙofar gida. Ya shigo tsakar gida da firam ɗin nan a hammata. Inna tana zaune a bakin ɗakinta da carbi. Ya durƙusa nesa kaɗan, kamar yadda ya saba, ya dube ni don ni ne zan isar.

"Gaya ma Inna, wanda ar riƙe da ita Allah ya karɓi abinai. Yanzu nauyin bisa kaina shi ke. Ɗakinta na nan an share. Bulon da anka gani ragowa ta, ta daɗe a waje. Ga takardar hukuma, in ana shakka."

Na buɗe baki in maimaita, alhali na san in ta yi shiru kamar kullum, shirun nan amincewa ne, kuma kafin la'asar kayanta suna cikin mota. Hadari kuwa ya fara haɗuwa a gabas tun kwana biyu.

Inna ta ɗaga mini hannu in dakata. Ta juyo ta dubi Yaya a fuska. Tun da nake ban taɓa ganin haka ba, shi ma na tabbata bai taɓa gani ba, don sai da ya ja da baya.

Ta ce, "Bulon da bai isa shi rufe matacce ba, shi za ka aza bisa kaina ina da rai?"

Yaya ya daɗe a durƙushe, sannan ya miƙe ya fita, muka ji motar ta tashi ba kaya. Firam ɗin ya manta shi a jingine da turmi, har yanzu bai aiko a ɗauka ba. Inna tana ɗakinta mai kallon gabas, ruwan farko ya sauka a kansa shekaranjiya, ko ɗigo bai shiga ba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa kaifin harshensa, ya yalwata masa ɗan ƙaramin ɗakin da ya yi wa kansa tanadi. Rufin dai na san ba zai ba shi kunya ba, a gabana aka sake shi.